Farin Dutse a Zuciyar Inna Yalwa

Ga wata nan na kawo muku, ba ta dawa ba ce, ba ta bakin rafi ba. Ta cikin ƙirji ce. Ku kasa kunne da kyau, don in na kai ƙarshe ku za ku yanke, kuma ba na karɓar "ai duk ɗaya ne".

A garin Tudun Kalgo an yi wata tsohuwa, Inna Yalwa mai daddawa. Ta haura saba'in. Tun rasuwar mijinta Malam Nomau take zaune ita kaɗai a tsohon gida, daga ita sai awaki uku da tukwanen kalwa. 'Ya'yanta uku ne, kowanne ya ware mata ɗaki a gidansa, kowanne ya roƙa har ya gaji. Amsarta ɗaya ce: ƙafarta ba ta karye ba. Jikokin da aka turo su taya ta zama kuwa, ba wanda ya cika mako. Ta ce ba ta son mai cinye mata tuwo ya fasa mata tukunya.

Babbansu Sallau, ɗan fari, mai gyaran injin ban-ruwa. Rumfarsa tana jingine da bayan katangarta. Inna Yalwa irin matan zamanin da ce, masu riƙe alkunya da gaske. Shekara hamsin da biyu ke nan, sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi a gaban mutane ba. "Mutumin can" take ce masa. In yana tsaye tana da saƙo, sai ta juya ta faɗa wa akuya, shi kuma ya ɗauka a can.

Ta biyu Ladidi, tana aure a birni, tana sayar da atamfa. Ita ta gado bakin uwar. In suka haɗu, maƙwabta kan ɗauka faɗa ake yi, alhali gaisawa ce.

Sai auta, Jatau tela. Yana da mata da 'ya'ya huɗu a ƙarshen gari, amma kullum da azahar a gindin murhun uwarsa yake cin abinci. Mutum ne mai tara tarkace. Ƙyalle, maɓalli, tsohuwar kwalba, ba ya yar da komai, har yayyensa sun sa masa suna Bola.

A bazarar da ɗorawa ta yi 'ya'ya sosai, Inna Yalwa ta fara jin ƙirjinta yana yi mata ƙunci. In ta sunkuya ɗaukar tulu sai numfashi ya tsaya mata a wuya. Ƙafafunta suka hau, sai ta sassauto da zane ya rufe su. Kwanciya miƙe ta gagara, sai ta ja buhun kalwa biyu zuwa ɗaki tana jingina. Ba ta gaya wa kowa ba. A ganinta tsufa ne, kuma ta san in 'ya'yan nan suka ji, kwashe ta za su yi daga gidanta. Ladidi ta zo suna, ta kwana biyu, suka yi ta musu a kan farashin barkono, ta koma ba ta ga komai ba. Jatau yana cin miyarta kullum, abin da ya lura da shi kawai gishiri ya ɗan yi yawa.

Sallau ne ya ji. Wanda ba a duba ba ya koyi saurare, kuma sana'arsa ma ta kunne ce: daga nesa yake gane injin da ke shaƙar iska maimakon ruwa. Tun yana yaro ya san dakan uwarsa. Takan yi sara arba'in ba ta tsaya ba, ta cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe. Yanzu daga bayan katanga yake ƙirgawa: goma sha biyu, shiru. Tara, shiru. A cikin shirun kuma akwai wani huci mai ƙugi da bai taɓa ji ba. Ya saurara kwana uku. A na huɗu ya zagayo, ya tsuguna a bakin zaure, ya kafa idonsa a ƙasa.

"Inna, gobe da hantsi mota za ta zo. Asibiti za mu."

Da Ladidi ce ta faɗi haka, da sai unguwa ta taru. Da Jatau ne, da muciya za ta kore shi. Amma yin musu da ɗan fari sai an dube shi, sai an yi ka-ce-na-ce da shi, ita kuwa ba ta taɓa yi ba. Ya san da haka, ita ma ta san ya sani. Ta juya wajen jar akuyarta ta ce, "Wasu dai ba su da aikin yi." Sallau bai tashi daga wurin ba, har sai da ya ga ta ɗauko mayafinta na fita ta jiƙa a kwano.

A asibitin birni aka ce da an ƙara mako guda da sai dai wani labarin. Jininta ya hau ƙwarai, ruwa ya taru a huhunta. Aka ba ta gado, aka yi mata allurai, cikin kwana uku ƙafafu suka saɓe, numfashi ya dawo. Ta fara faɗa da masu dafa abincin asibiti, kowa ya ce lallai an samu sauƙi.

Sai aka kai ta hoton zuciya. Wani likita saurayi ya shafa mata wani abu mai sanyi mai yauƙi kamar kuɓewa, ya ɗora kan na'ura a ƙirjinta, zuciyar ta fito a allo tana motsi. Inna Yalwa ta ga fuskarsa ta sauya. Ya daɗe yana kallon wuri ɗaya. Daga baya ya kira Sallau da Ladidi, ya zana musu a takarda. Ya ce zuciya ɗakuna ce, kuma a ɓangaren hagu akwai ƙofa mai marfi biyu tsakanin ɗakin sama da na ƙasa. A gindin wannan ƙofa ya ga wani dunƙule fari, ya kai girman goro. Yana zargin ƙari ne. In ƙari ne, wani yanki na iya ɓallewa ya bi jini ya shanye mata ɓarin jiki, ko ya kashe ta. Masu aikin zuciya za su zo ranar Alhamis ta sama. Za a tsaga ƙirji a cire. Bai ɓoye musu ba: a shekarunta, da yadda zuciyar ta gaji, ba kowa ke tashi daga wannan aiki ba.

Inna Yalwa tana bayan labule, ta ji komai. Ba mutuwar ce ta dame ta ba. Abin da ya tsaya mata shi ne a kai ta kabari da ƙirji a ɗinke kamar buhu.

Sallau ya karɓi biro. Shi a wajensa in inji ya lalace buɗe shi ake yi, kuma likita ya fi shi sani. Ladidi ta dafe takardar da tafin hannu.

"Yaya, dakata. Likita, ta gefe nawa ka duba?"

Ya ce na'urar da sauti take gani, kuma abu mai tauri yakan tare sautin, ya bar duhu a bayansa.

"Wato bayansa ba ka gani ba."

"Ban gani sosai ba, Hajiya."

"Ni turmin atamfa ba na saye a hasken kanti. Sai na fita da shi rana, na juya bayansa, na murza. Zanen ɗaurawa ke nan. Wannan kuwa ƙirjin uwata ne. Ba wani injin da ke ganin baya?"

Akwai, amma a babban asibiti na wata jiha, tafiyar rabin yini, ga layi. Sallau ya ce kada a wahalar da tsohuwa a hanya. Mijin Ladidi ya bugo waya ya ce ta bar maza su yi shawara. Wata nas ta ce mata taurin kai ba magani ba ne. Ladidi ba ta ɗaga hannunta daga takardar ba. Likitan, Allah ya yi masa albarka, bai yi fushi ba. Ya rubuta mata wasiƙa. Ta je ta tsaya a layi kwana biyu, ta yi roƙo inda roƙo ke ci, ta yi tsiwa inda tsiwa ke ci, har aka ba su ranar Litinin.

Da Inna Yalwa ta ga injin sai ta ja tunga. Gado ne siriri mai shigewa cikin wani farin rami mai zagaye kamar bakin rijiya. Ta ce ita ba za a sa ta a makara da ranta ba. Aka kuma ce sai ta riƙe numfashi in an ce ta riƙe.

"Inna, yi kamar ranar da ake buɗe kalwa bayan kwana uku," in ji Ladidi. "Duk unguwa haka muke yi."

"Ke dai kike yi, marar kunya. Da wannan warin aka yi miki kayan ɗaki."

"To ki shiga ki fito, ki ci gaba da zagina."

Aka rataya wa Ladidi wata riga mai nauyi, aka bar ta ta tsaya a ƙarshen gadon. Ta riƙe babban yatsan ƙafar uwarta. Inna Yalwa ta runtse ido, ta ji gadon yana tafiya da ita, ta ji injin yana kewaya, ba abin da ta riƙe a duniya sai ɗumin hannun nan. Rabon da Ladidi ta taɓa ta haka tun tana goyo.

Wadda ta karanta hoton wata dattijuwar likita ce, Dakta Rakiya, mai furfura a goshi. Injin ya fitar da zuciyar falle-falle kamar an yanka kabewa. Ta nuna musu dunƙulen: ɓawonsa fari fat, mai tauri kamar ƙashi, cikinsa kuma ya fi laushi. Ta tambayi Inna ko ta san farin ɓawon da ke taruwa a gindin butar da aka daɗe ana dafa ruwan rijiya a ciki. Inna ta ce ta san shi tun ba a haifi likitar ba. Dakta Rakiya ta yi dariya ta ce to, jikin tsofaffi ma yakan tara irinsa a gindin wannan ƙofa, ya zauna shekaru bai yi ɓarna ba, kuma irin wannan ba a tsaga mutum dominsa.

Ladidi ta fara hamdala, likitar ta ɗaga hannu.

"Zuciyata ta fi karkata can. Amma akwai ƙarin da shi ma yakan yi ɓawon dutse. Ɗaya a zaune yake, ɗaya girma yake yi. Hoton yau ba ya gaya mini jiya. Da na san yaushe abin nan ya zo, da na ce wa masu aiki su mayar da wuƙarsu. An taɓa yi mata hoton ƙirji a da?"

Sallau da Ladidi suka dubi juna. An taɓa, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lokacin da ta yi wani dogon tari aka ji tsoron na fuka ne, mahaifinsu ya kai ta wani ƙaramin asibiti. Asibitin ya daɗe da rufewa. Hoton kuwa, bayan sadakar arba'in ɗin Malam Nomau, Inna da bakinta ta ce a tattara takardun asibiti duka a ƙone, ba ta son ganinsu. Ladidi ce ta kunna ashanar.

Aka tsaya a nan. In an bari kuma ƙari ne, an yi sakaci. In an tsaga kuma ɓawo ne, an yanka tsohuwa a banza. Alhamis saura kwana uku. Dakta Rakiya ta sa aka yi mata hoton ƙirji na gama-gari, irin na baƙar leda, ta ce za ta ƙara dubawa.

Ranar Talata da hantsi Jatau ya iso da ƙwaryar fura, idonsa ya yi ja. Shi ba a sa shi cikin shawara, auta ne. Ya shigo daidai lokacin da likitar ta maƙala sabon hoton a allon haske tana nuna wa yayyensa. Ya leƙa ta kafaɗar Sallau.

"Ai ga watan Inna nan," ya ce.

"Bola, ana magana," in ji Ladidi.

"Wallahi Yaya, shi ne. Farin jinjirin watan nan na gefen hagu. Ya daɗe a nan."

Dakta Rakiya ta juyo. "A ina ka san shi?"

Ya sunkuyar da kai, ya faɗa. Inna ba ta taɓa yarda a ɗauke ta hoto ba. Na katin zaɓe ma a bakin zane take ƙulle shi, ba mai gani. Ranar da ake ƙona takardu, shi bai daɗe da binne uba ba, sai ya tuna wata rana ita ma za ta tafi, ba shi da ko inuwarta. Ya faki idon Ladidi ya zare babban ambulan ya cusa a riga. Hoton Inna ke nan guda ɗaya da ya mallaka. Yana ƙarƙashin katakon keken ɗinkinsa. In aiki ya yi sauƙi yakan ɗaga shi a hasken taga ya duba. Ya san kowane haƙarƙari. Wannan farin abin kuwa ya ɗauka kowa yana da shi, ko kuma alamar mutanen kirki ce.

Inna Yalwa tana kan gado tana ji. Ta buɗe baki za ta ce masa ɓarawo, sai ta fasa. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Jatau ya ajiye furar, ya kama hanyar tasha. Laraba da la'asar ya dawo, ƙura har gira, ambulan a ƙirjinsa cikin riga kamar yadda ya fitar da shi ranar farko. Ba lanƙwasa, ba tabon ruwa. Sunanta da ranar ɗauka suna nan a kusurwa. Dakta Rakiya ta jera tsoho da sabo a allon haske, ta sa ma'auni, ta auna wannan ta auna wancan. Wuri ɗaya, siffa ɗaya, girman ma da ƙyar ya ƙaru. Ta kira masu aiki da likita saurayin a waya, ta tura musu hotunan uku suka duba tare. Abin da ya zauna shekara goma sha ɗaya bai motsa ba, ba ƙari mai ci ba ne. Aka soke sunan Inna Yalwa daga aikin Alhamis.

Ranar sallama likitar ta zauna a bakin gadonta ta yi mata magana ba kwana-kwana. Dutsen yana nan, da shi za ta zauna. Ƙofar tana ɗan yoyo, za a riƙa duba ta duk wata shida. Magani kullum safe da yamma, a rage gishiri da kanwa. Daka ya ƙare, ɗaukar tulu ya ƙare. Zama ita kaɗai kuma ya ƙare, don ranar da numfashi ya sake tsayawa dole a samu wani kusa.

Inna Yalwa ba ta yi musu ba, abin da ya ba kowa tsoro. Da suka isa Tudun Kalgo ta raba tukwanenta ga maƙwabta, ta ɗaure kayanta ƙunshi ɗaya, ta zauna a kai a tsakar gida. 'Ya'yan uku suna tsugune. Ta dubi jar akuyarta, don maganar ta haɗa da wanda ba a duba.

"A gaya musu ni ba ƙwarya ba ce da za a riƙa yawo da ni gida-gida. Wuri ɗaya zan zauna har a fitar da ni. Gidan wanda ya tsamo ni zan je. Su faɗa mini ko wane ne."

Su ukun suka dubi juna. Kowa yana so ya ɗauke ta, har ransa, kuma kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya yi.

To, ga ta gabanku.

Sallau ya ji abin da masu cin tuwonta da masu kwana ɗakinta ba su gani ba, daga bayan katanga, ya kuma fitar da ita daga gida, abin da duk garin ba mai iyawa. Ba don shi ba, da an binne ta kafin a san akwai wani dutse. Amma shi ne ya ɗauki biro. Kuma a gidansa za ta ƙare kwanakinta kusa da ɗan da ba za ta iya cewa "ƙirjina" a gabansa ba, ko da yake shi bai taɓa buƙatar a faɗa masa ba.

Ladidi ta dafe takarda ita kaɗai, ta ja da yayanta da mijinta da masu fararen kaya, ta kai uwar inda aka ga bayan abin. Ba don ita ba, da ba a ma yi tambayar da ta fito da tsohon hoto ba. Amma ta kwana biyu ɗaki ɗaya da kumburarrun ƙafafu ba ta gani ba, ita ce kuma ta kunna ashana. Gidanta ya fi kusa da asibiti, sai dai gidan suruki ne, kun san nauyin wannan ga mace irin Inna Yalwa.

Jatau bai shirya ceton kowa ba. Sata ya yi, ya saɓa maganar uwa, ya adana baƙar leda shekara da shekaru don kawai yana son ta. Ba don shi ba, da likita ta tsaya da "zuciyata ta fi karkata", Alhamis kuma ta zo. Amma kullum yana gindin murhunta, gishiri kawai ya ji. Wanda bai ga uwarsa tana haki a gabansa ba, shi za a ba amanar magani safe da yamma? Ko kuwa wanda ya riƙe inuwarta haka, ita ce za ta gagare shi riƙo?

Ɗakuna uku a share suke, tsohuwa tana zaune a kan ƙunshinta, rana tana yi. To, ku faɗa mini: wane ne ya tsamo Inna Yalwa, gidan wa za a kai kayan nan?